Kafin a yanke wa koyil hukunci: yadda ake gano matsalar wuta a injin mota

A tashar Saulawa, kamar a tashoshin Ikara, Maƙarfi da Hunkuyi, akwai hukuncin da ake yankewa tun ba a ɗaga bonet ba. Mota ta ƙi tashi da asubar Agusta bayan an kwana ana ruwa, ko ta ɗauko buhunan masara ta fara fizga a kan hawa, sai a ji wani daga kan benci ya ce, "Oga, ai koyil ne." Sau da yawa yana da gaskiya. Sau da yawa kuma koyil ɗin lafiyarsa ƙalau, fulogi ne ya cinye, ko waya ta tsage, ko nozul ya toshe.

Canki-cankin nan yana da tsada. Kayan wuta ba kasafai mai shago yake karɓarsu ba idan an riga an ɗaura, kuma ba kowane irin koyil ake samu a kusa ba: wani sai an aika Sabon Garin Zariya, wani sai Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Ga kuɗin kaya, ga kuɗin aike, ga wuni guda mota tana ajiye, alhali gwajin da zai tabbatar da mai laifi bai kai sa'a ɗaya ba. Abu biyu ake so bakanike ya gano: ko koyil ɗin ne da gaske, in kuma shi ne, me ya kashe shi.

Aikin da koyil yake yi

Batirin mota bolt 12 yake bayarwa. Wannan ya isa ya kunna fitila ya juya kik, amma ba zai iya tsallake ɗan ratar da ke bakin fulogi ba, wadda ba ta wuce milimita ɗaya ko kusa da haka. Kafin wuta ta yi wannan tsalle a cikin silinda, inda fistin ya matse iska da fetur, sai ta kai bolt dubbai. Koyil ƙaramar taransifoma ce da take ɗaga bolt 12 zuwa 20,000, wani lokaci har 40,000.

A cikinsa naɗin waya biyu ne a kan ƙarfe guda. Naɗin farko waya ce mai ɗan kauri, zagaye ɗari biyu ko makamancin haka. Na biyu waya ce siririya ainun, zagaye dubu goma sha biyar zuwa talatin. Wutar batir tana bi ta naɗin farko, ƙarfen ya zama maganaɗisu. Daidai lokacin da ake son tartsatsi sai a katse wutar farat ɗaya, ƙarfin maganaɗisun ya rushe, rushewar ta haifar da babbar wuta a naɗi na biyu. Wannan dabara ta samo asali daga binciken Michael Faraday a Landan a 1831, shi kuwa Charles Kettering na garin Dayton a Amurka ya tsara ta da batir da distirbuta aka ɗora wa motar Cadillac a 1910. Abin da ya canza tun daga lokacin shi ne mai katse wutar: a da kwantak set ne, yanzu birenbos ne yake ba da umarni.

Aikin ba na wasa ba ne. Injin mai silinda huɗu da koyil ɗaya, idan yana juyawa sau 3,000 a minti, koyil ɗin yana ƙyasta wuta sau ɗari a kowace daƙiƙa, a cikin zafin Afrilu, a jikin ƙarfe mai jijjiga.

A fara sanin irin da ke cikin motar

Motocin da ke zirga-zirga tsakanin Saulawa, Paki, Ikara da Tashar Yari sun kasu gida uku ta wannan fuska, kuma kowane gida da yadda ciwonsa yake nunawa.

Gida na farko masu koyil ɗaya da distirbuta. Nan ne tsohuwar Peugeot 504 take, wadda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, da koyil ɗinta mai siffar gwangwani da mai a ciki. Nan ne kuma Golf 3 take, amma nata busasshe ne, baƙin roba, an manna masa ɗan akwatin da ke katse wuta, an ɗaure shi a bangon da ya raba injin da ɗakin direba. Honda Civic da wasu Accord na shekarun 1990 sun ɓoye nasu a cikin distirbuta. A wannan gida idan koyil ya mutu, mota ta mutu ke nan gaba ɗaya.

Gida na biyu masu koyil a haɗe, babu distirbuta, kowane naɗi yana ciyar da silinda biyu: ta ɗaya da ta huɗu tare, ta biyu da ta uku tare. Peugeot 406, Opel Vectra ta ƙarshen shekarun 1990, da Camry mai silinda huɗu ta 1997 zuwa 2001 duk nan suke. Idan silinda biyu 'yan tagwaye suka ɗauke lokaci guda, an kusa kama ɓarawo.

Gida na uku kowane fulogi da koyil ɗinsa a kansa, dogo kamar fensir. Corolla da Accord daga 2003, da Camry daga 2002, haka suke. A nan mutuwar koyil ɗaya silinda ɗaya take kashewa. Mota za ta tafi, amma tana ɗingishi.

Motar dizal ba ta da koyil ko kaɗan, don haka Kanta da tirela ba sa cikin wannan magana.

Abin da direba zai ji

Alama ta farko misin. Injin yana rawa a sulo, sitiyari yana kakkarwa, salansa tana tuf-tuf maimakon sautinta na kullum. Idan aka taka totur a kan hawa, ko da lodin rake a baya, sai mota ta riƙa fizga. Ana jin warin ɗanyen fetur a bayanta, shan mai ya ƙaru, wani lokaci a ji fashewa a salansa.

Koyil mai rauni yakan ɓoye kansa a sulo, sai an ɗora wa injin nauyi ya tona kansa. Dalili kuwa, idan aka buɗe totur, iskar da ake matsewa a silinda tana ƙaruwa, wuta kuma tana buƙatar ƙarin bolt kafin ta keta ta. Shi ya sa bakanike zai ga mota tana aiki sumul a gareji, direba ya koma hanya ya dawo yana rantsuwa ba a yi komai ba.

Akwai alamu biyu da suka fi nuna koyil da yatsa. Ɗaya ita ce mota ta yi tafiyar minti ashirin ko talatin ta mutu, a bar ta ta huce ta tashi kamar ba ita ba: wayar ciki ta tsinke, zafi yana buɗe tsinkewar, sanyi yana haɗe ta. Ɗayar kuma ƙin tashi da safiyar damina, a tashi lafiya da rana ta ɗaga: jikin koyil ya tsage, laima ta shiga. Masu Golf 3 sun san wannan ciwo sarai. Babbar wuta halinta irin na ruwan ban-ruwa ne, duk inda kunya ta fashe can za ta bi ta bar shukar da aka nufa.

Fitilar cek idan ta kunnu ta tsaya, akwai matsala. Idan tana ƙyaftawa, a rage gudu a nemi gefen hanya. Fetur ɗin da bai ƙone a silinda ba yana zuwa ya ƙone a cikin indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, ya narkar da shi, kuɗin indomi kuwa ya ninka na koyil sau da yawa. Ragowar fetur ɗin yana wanke bangon silinda ya gangara ya tsinka baƙin mai.

Kayan aiki da kiyaye kai

Ana buƙatar sifana mai lamba 10, sifanar fulogi mai lamba 16 ko 21 gwargwadon mota, mitar awon wuta, ma'aunin ratar fulogi, filaya mai roba a hannu, tsumma mai tsabta, da fulogi ɗaya mai kyau na gwaji. In da na'urar kwamfuta, ko ɗan ƙaramin nan da ake haɗawa da wayar salula, to aiki ya zo da sauƙi.

Kada a riƙe wayar fulogi da hannu injin yana aiki. Jan da take yi ba kasafai yake kisa ba, amma yakan sa mutum ya fizge hannu ya kai shi cikin fanka ko bel, kuma haɗari ne ga mai ciwon zuciya. Fankar lagireto mai lantarki tana iya tashi da kanta. Kada a gwada tartsatsi kusa da fetur da ya zube.

Akwai ɗabi'u uku da suka zama jiki a gareji waɗanda suke ɓarna a motar birenbos: zare wayar fulogi a bar ta a iska injin yana juyawa, gogar waya a jikin injin don a ga ko akwai wuta, da cire kan batir mota tana aiki don gwada caji. Kowanne cikinsu yana iya ƙona koyil mai lafiya, ko ya wuce can ya taɓa birenbos.

Mataki na farko: a duba da ido

A kashe mota, a cire makulli, a zare soket, a kwance notin, a murɗa koyil a hankali a ciro shi. A haska ramin fulogi da tocila. Idan baƙin mai ya taru a ciki, gasket ɗin murfin saman injin ya yoye, kuma man yana cinye robar koyil. Idan ruwa ne ko tsatsa, a tambayi direba yaushe aka wanke injin.

A juya koyil ɗin a hannu a duba shi ta ko'ina. Abin nema shi ne tsagewa ko da siririya ce, kumburi, warin ƙonewa, ko wani ɗan zane fari-fari ko toka-toka a jikin robar, inda wuta ta riƙa hudowa tana tsallakawa jikin injin. A ciro fulogin ma. Idan an ga baƙin layi siriri ya sauko a jikin farin tangaran ɗinsa, wanda farce ba ya kankare shi, to wuta ta yi wa kanta hanya a waje. Irin wannan fulogi da robar da ke kansa tare ake canza su. In aka bar ɗaya, zai sake zana wa sabon layin.

A leƙa cikin soket: kore-kore, fil da ya lanƙwashe, ko maƙalli da ya karye har soket ɗin yana lilo, kowanne ya isa ya kawo misin.

Mataki na biyu: wace silinda ce?

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996, da masu fetur na Turai tun daga 2001, suna da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona kwamfuta. Lambar P0301 tana nufin silinda ta ɗaya tana misin, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe. P0300 kuwa misin ne da yake yawo, ba shi da silinda guda, kuma yakan nuna matsalar da ta shafi injin duka, kamar raunin famfon mai, gurɓataccen fetur ko iska da ke shiga ta tsagaggen tiyo. Lambobin P0351 zuwa P0354 su ne suke nuna layin wutar koyil kai tsaye.

Nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Kwamfuta ta faɗi silindar da ke ciwo, ba ta faɗi me ke damunta ba. Wanda ya ga P0302 ya ce a sayo koyil, har yanzu canki yake yi.

A kula da ƙirga. A yawancin motoci silinda ta ɗaya ita ce ta ɓangaren bel, amma Peugeot daga ɓangaren giyabos take farawa.

In babu kwamfuta, a bar injin a sulo a riƙa zare soket ɗin nozul ɗaya bayan ɗaya ana mayarwa. Silinda mai lafiya idan aka cire nata, injin zai ƙara rawa, gudunsa ya faɗi. Wadda aka cire nata ba a ji wani canji ba, ita ce matacciya. Zare nozul ya fi zare koyil, domin ba ya barin ɗanyen fetur ya tafi salansa.

Mataki na uku: musanya

Ga motar da kowane fulogi yake da koyil ɗinsa, babu gwajin da ya kai wannan, kuma kyauta ne. A ɗauki misalin Corolla da ta nuna P0302. A sa alama da alli a koyil na biyu, a musanya shi da na uku. A goge lambar, a tayar da mota, a ɗan taka ta a hanya. Idan lamba ta koma P0303, ciwon ya bi koyil, shari'a ta ƙare.

Idan ta tsaya a P0302, koyil ya kuɓuta. Sai a musanya fulogi na biyu da na huɗu. In ta koma P0304, fulogi ne, kuma direba ya tsira da kuɗinsa. In har yanzu tana nan a ta biyu, saura abu uku: nozul, wayoyin da ke zuwa soket, ko ƙarfin matsi na silindar kanta, wato bawul da ya ƙone, ringi da ya cinye ko gasket da ya fashe. Wannan kuwa sai ma'aunin matsi.

Abu ɗaya ake musanyawa a lokaci guda. Yaron gareji da ya sauya koyil da fulogi tare don ya rage wa kansa aiki ya ɓata gwajin, domin in ciwon ya koma ba a san wanda ya bi ba.

Mataki na huɗu: idan mota ta ƙi tashi sam

Wannan na masu koyil ɗaya ne. A cire fiyus ɗin famfon mai. A zare wayar tsakiya daga kan distirbuta, a sa mata abin gwajin tartsatsi, ko tsohon fulogi da aka yanke masa ƙugiyar baki aka maƙala jikinsa da ƙarfen injin. Wani ya ba da kik. Koyil mai ƙarfi zai tsallake rata ta kusan santimita ɗaya da ƙara, tas-tas-tas, babu fashi. Ganin ɗan tartsatsi a bakin fulogin da aka ɗora a kan injin bai isa shaida ba, domin a sararin iska ko koyil mai mutuwa yana iya wannan.

In wuta tana fitowa daga koyil amma ba ta kai fulogi, a buɗe distirbuta: rota da ta ƙone, murfi da ya tsage ko ya yi gumi, gawayin tsakiya da ya cinye, ko wayoyin fulogi.

In babu wuta sam, a tambaya ko an ba koyil ɗin abincinsa. Koyil na motocin Jamus yana da lambobi a ƙafafunsa: 15 ita ce wutar da ke zuwa daga makulli, 1 ita ce wadda ake katsewa, 4 ita ce babbar wuta. A buɗe makulli a auna ƙafa ta 15. Ya kamata a ga kusan ƙarfin batir. In babu, a bi fiyus, rile da kan makulli. A duba wayar az ko ta yi tsatsa ko ta saki. Sai a duba ko umarnin katsewa yana zuwa. A tsohuwar mota ana jona ƙwan gwaji a ƙafa ta 1, in ana kik ya riƙa ƙyaftawa. A motar birenbos da mita ake wannan, domin ƙwan fitila yana jan wutar da ta fi ƙarfin layin. Idan wuta da az suna nan, umarni yana zuwa, tartsatsi babu, koyil ne. Idan umarnin ne babu, a koma ga sensar cikin distirbuta, sensar kiranshaf ko tsarin tsaron makulli. Sabon koyil ba zai tayar da wannan mota ba.

Abin da mita take faɗa

A sa mita a ma'aunin om, a fara haɗa bakunanta biyu a ga abin da take nunawa, a cire shi daga lissafi. Naɗin farko na yawancin koyil na zamani yana tsakanin om 0.4 da 2. Na gwangwani mai kwantak set yakan kai 1.5 ko 3. Naɗi na biyu a motoci da yawa yana tsakanin om 6,000 da 15,000, amma na Golf 3 yana wajen 3,000 zuwa 4,000, don haka a kwatanta da littafin motar ko da wani koyil irinsa mai aiki. Mita ta ƙi motsi, waya ta tsinke. Ta nuna ƙasa sosai, naɗin ya haɗe. Wayoyin fulogi ma ana auna su; Toyota ta sa iyakar om 25,000 ga kowace waya.

Mita tana kama mataccen koyil, amma ba ta wanke mai rai. Wanda zafi ne yake tona shi zai nuna lamba mai kyau a sanyi. Koyil na fensir mai wayoyi huɗu irin na Toyota kuwa, akwai ɗan akwatin lantarki a cikinsa da ya tare hanyar awo, sai dai musanya.

Ga ciwon zafi, a gwada tartsatsi nan take da mota ta mutu, kafin ta huce. Ga ciwon damina, a jira duhu, a bar injin a sulo, a fesa ruwa kaɗan kamar raɓa a kan koyil da wayoyi. In akwai tsagewa za a ga shuɗin tartsatsi yana rawa a jikin robar, a ji injin ya yi tuntuɓe.

Me ya kashe shi?

Koyil da ya mutu da tsufa kaɗai ba shi da yawa. Babban makashinsa fulogin da aka bari ya wuce wa'adi. Kullum bakin fulogi yana cinyewa, ratar tana faɗaɗa, koyil yana ƙara yunƙuri don ya tsallake ta, har wutar ta huda rufin da ke cikinsa. Fulogi na gama-gari yana son canji wajen kilomita 30,000; na iridiyom na asali yakan kai 100,000. Ratar yawancin motoci tana tsakanin milimita 0.7 da 1.1. Motar birenbos tana son fulogi mai tsayar da hayaniyar wuta, wanda a na NGK ake ganin harafin R a lambarsa.

Sai baƙin mai a ramin fulogi, da wankin injin da ruwa mai ƙarfi, musamman injin yana da zafi. Sai ƙurar hunturu da take kwanciya a jikin koyil, raɓa ta jiƙa ta, ta zama hanyar wuta. Sai caji: mota tana aiki, batir ya kamata ya nuna bolt 13.5 zuwa 14.5; in ya haura 15, alteneta tana dafa kayan wuta duka. A motar kwantak set, barin makulli a buɗe ana jin rediyo injin a kashe yana gasa koyil, haka ma tsallake ɗan tangaran ɗin da ke rage masa wuta.

Masu mayar da motocinsu ga iskar gas tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 su lura cewa gas ya fi fetur wuyar kamawa, yana neman ƙarin bolt. Koyil da fulogi da suke lallaɓawa a fetur sukan nuna gazawarsu da an juya zuwa gas.

Wajen saye

A tafi da tsohon a hannu. A kwatanta lambar da ke jikinsa, tsawonsa, siffar soket da yawan fil. Koyil na Toyota da yawa lambarsu tana farawa da 90919, kamanninsu ɗaya, amma lambobin ƙarshe sun bambanta, tsawon ma haka. Denso, Bosch, NGK, Delphi da Hitachi sunaye ne masu nagarta, shi ya sa jabu ma a cikin kwalinsu yake zuwa. Rubutu mai dishi-dishi, rashin nauyi a hannu da araha fiye da kima duk abin zargi ne. Na Beljiyam na asali yakan fi sabon jabu daɗewa, matuƙar ba shi da tsagewa kuma an yi yarjejeniya da mai shago cewa sai an gwada a mota.

Ko na masana'anta yakan zo da aibi. A farkon 2003 kamfanin Volkswagen da Audi sun sanar da canza koyil a motoci fiye da rabin miliyan a Amurka, ƙirar 2001 zuwa farkon 2003, bayan sun riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka sabon koyil ma ana gwada shi.

Ba dole ba ne a canza huɗun don ɗaya ya mutu. Amma a injin mai silinda shida irin na Sienna, inda uku na baya suke ƙarƙashin bututun iska, tunda an sha wahalar kwancewa gara a canza ukun da fuloginsu lokaci guda.

Ɗaurawa

A bar injin ya huce, domin kan injin na alminiyom yana cin zare idan aka kwance fulogi da zafi. A cire kan batir na az. A hure ƙurar ramin kafin a ciro fulogi, kada yashi ya faɗa silinda. In akwai yoyon mai, a canza gasket yanzu, a goge ramin ya bushe.

A auna ratar sabon fulogi, a fara ɗaura shi da hannu har ya zauna, sannan a ƙara masa kamar rabin zagaye da sifana idan sabon washa ne a jikinsa. A shafa ɗan man silikon a bakin robar koyil. Giris na yau da kullum yana lalata roba. A danna koyil har a ji ya kama kan fulogi, a ɗaure notin ba da ƙarfi ba, a tura soket har ya ce ƙas. A motar distirbuta a canza wayoyi ɗaya bayan ɗaya don kada a rikita jerin wuta, wanda a yawancin masu silinda huɗu 1-3-4-2 ne.

A goge lamba, a fita da motar hanya, a nemi hawa a taka ta a babban giya, a bar ta ta yi zafi sosai. In an daɗe ana tafiya da misin, a shinshina sandar awon baƙin mai. In tana warin fetur, a yi juye.

Idan abin ya faru a hanya

Direban da koyil na fensir ya mutu masa tsakanin Ikara da Maƙarfi zai iya zare soket ɗin nozul na silindar da ta mutu, ya rage lodi in da hali, ya lallaɓa a hankali zuwa gareji mafi kusa. Wannan dabarar kai wa gari ce kawai. Mai Golf da laima ta hana tashi ya goge koyil da cikin murfin distirbuta da busasshen tsumma, ya bar bonet a buɗe rana ta taɓa su. Gam da leda da ake naɗe tsagaggen koyil da su na kwana biyu ne.

Manoman rani na Ikara da Kudan su ma suna da rabo a nan, domin injin ban-ruwa da ƙaramin janareta suna da nasu koyil a gefen ƙarfen da ke juyawa. Kafin a ce ya mutu, a zare siririyar wayar kashewa a sake gwada tartsatsi, a duba baƙin mai tunda wasu injinan suna yanke wuta in ya yi ƙasa, a kuma daidaita ratar koyil da maganaɗisu da kaurin katin waya.

Ga direbobin haya, lokacin da ya fi dacewa a duba fulogi, wayoyi da jikin koyil shi ne watan Mayu, kafin ruwa ya zauna. A ajiye gwadadden koyil guda da sifana mai lamba 10 a cikin mota. Duk mai motar da aka ce masa koyil ne, ya nemi a yi musanya ko gwajin tartsatsi a gabansa, a kuma nuna masa fulogin da aka ciro, kafin ya aika Zariya.